Daga Ƙananan Dandamali Zuwa Babban Gida: Tarihin Sana'ar Robert McFerrin a Wasan Ofera na Amurka

1.0 Gabatarwa

A ranar 27 ga watan Janairu na shekarar 1955, wani mawaƙi mai suna Robert McFerrin ya hau dandamalin gidan wasa na Metropolitan da ke birnin New York, inda ya fito a matsayin Amonasro, Sarkin Habasha, a cikin wasan Aida. Shi ne namiji baƙar fata na farko da ya taɓa riƙe babban matsayi a wannan gida tun daga lokacin da aka buɗe shi a shekarar 1883. Galibi idan aka ambaci McFerrin, wannan rana ce ake ambata, a kanta ake farawa, a kanta kuma ake tsayawa, sai ka ce mutumin daga sama ya faɗo.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba babban gidan ba ne ya yi McFerrin. Ƙananan ƙungiyoyin wasa ne, waɗanda ba su da kuɗi balle suna, suka rene shi har ya zama cikakken ɗan wasa, kana babban gidan ya karɓe shi a nune. Haka kuma maƙalar za ta yi ƙoƙarin gano dalilin da ya sa mawaƙin da ya iso da irin wannan shiri bai wuce fitowa goma ba a gidan, alhali wani takwaransa da ya biyo hanya kusan iri ɗaya ya fito fiye da sau 650. Kafin a kai ga wannan, tilas ne a yi ɗan bayani a kan ita kanta ofera da yadda ake raba muryoyi a cikinta, domin a kan wannan rabo ne sauran bayanin ya dogara.

2.0 Ofera da Rabon Muryoyi

Ofera wasan kwaikwayo ne wanda ake rera zantukansa maimakon a faɗe su, tare da rakiyar babban taron makaɗa da mabusa. Ta samo asali ne a ƙasar Italiya, a birnin Florence, wajen shekarar 1600, a matsayin abin shaƙatawa na sarakuna da fadawansu. A shekarar 1637 aka buɗe gidan ofera na farko da kowa zai iya biyan kuɗi ya shiga, a birnin Venice. Abin da ya sa sana'ar ta yi wuya shi ne, bisa al'ada mawaƙi ba ya amfani da na'urar ƙara sauti. Da muryarsa tsura zai keta amon makaɗa masu yawa, ya isar da kalmominsa ga na kujerar ƙarshe a zauren da kan ɗauki mutum fiye da 3,000, yana kuma yin haka ne yana tafiya, yana durƙusawa, yana kwaikwayon fushi ko kuka.

An kasa muryoyin maza kashi uku. Akwai tena, watau murya mafi tashi sama. Akwai bas, watau mafi kauri da zurfi. Sannan akwai bariton, wadda ke tsakaninsu. A ɓangaren mata, muryar da ta fi tashi ita ake kira sofarano. Wannan rabo bai tsaya ga sauti kaɗai ba, domin al'adar marubuta ofera ta ɗaura kowace murya a kan irin mutumin da za ta wakilta. Tena shi ne saurayi masoyi, sofarano ita ce budurwar. Bas yakan zama dattijo ko shugaban addini. Shi kuwa bariton, yawanci uba ne, ko wa, ko abokin hamayya, ko mugu. Giuseppe Verdi, wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1901, shi ne ya fi kowa ɗaukaka wannan murya, don kuwa ya ɗora mata matsayai masu nauyi ƙwarai.

Matsayai uku za su riƙa fitowa a cikin wannan maƙala, saboda haka ya kyautu a san su. Na farko shi ne Rigoletto, a wasan Verdi mai wannan suna na shekarar 1851: wawan sarki ne mai ƙusumbi, wanda ya ɓoye 'yarsa Gilda don gudun sharrin fada, ubangidansa ya lalata ta, ya yi hayar makashi don ɗaukar fansa, aka ƙare da kashe 'yar tasa. Na biyu shi ne Amonasro, a wasan Aida wanda aka fara nunawa a Alƙahira a 1871: Sarkin Habasha ne da Misirawa suka kama a yaƙi, ya tilasta wa 'yarsa Aida ta tatso asirin rundunar Masar daga bakin masoyinta. Na uku shi ne Valentin, a wasan Faust na Charles Gounod wanda aka fara nunawa a Faris a 1859: soja ne da ya dawo daga yaƙi ya tarar an ɓata ƙanwarsa Marguerite, ya nemi fansa, aka kashe shi. A lura, biyu ubanni ne, ɗaya kuma wa.

3.0 Babban Gida da Ƙungiyoyin Larduna

A ƙasashe irin su Jamus, kusan kowane babban gari yana da gidan ofera wanda hukuma ke ɗaukar nauyinsa, saboda haka matashin mawaƙi yakan fara a ƙaramin gari, ya yi shekaru yana gogewa, kafin ya doshi manyan birane. A Amurka abin ba haka yake ba. Gidajen ofera sun dogara ne a kan kuɗin shiga da gudummawar masu hannu da shuni. Metropolitan shi ne uwa ma ba da mama, musamman tun daga 1931 da aka fara watsa wasanninsa na ranar Asabar ta rediyo zuwa ko'ina a ƙasar. Sai dai wannan gida ba makaranta ba ne. Gwanaye yake ɗauka, da yawansu kuma daga Turai yake kawo su.

To, a ina matashin Ba'amurke zai goge? Ko dai ya ƙetara Turai, ko kuwa ya nemi shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da wannan maƙala za ta riƙa kira ƙungiyoyin larduna, watau waɗanda ke zaune a wasu garuruwan suna yin wasanni kaɗan a shekara, da kuma waɗanda ke yawo gari-gari da kayansu a mota. Alal misali, ta birnin Cincinnati, wadda aka kafa a 1920, ta yi kimanin shekara hamsin tana wasanninta a wata rumfa cikin gidan ajiye namun daji na garin. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu irin waɗannan ƙungiyoyi suka riƙa ƙaruwa: ta Baltimore a 1950, ta Houston a 1955, ta Dallas da ta Santa Fe kuma suka fara wasa a 1957.

Amfanin waɗannan ƙungiyoyi ga mawaƙi ba ƙarami ba ne. Malami a aji yana iya koya masa yadda zai ja numfashi da yadda zai furta kalmomin Italiyanci ko Faransanci, amma ba zai iya koya masa yadda zai yi tattalin muryarsa har ta kai ƙarshen wasa mai tsawon sa'a uku ba, ko yadda zai ci gaba idan abokin wasansa ya manta baitinsa. Wannan sai a gaban 'yan kallo. Ga mawaƙi baƙar fata kuwa, akwai wata matsalar a kan wannan: a jihohin Kudu doka ce ta raba baƙi da farare a makarantu da masaukai da zaurukan kallo, a Arewa kuma al'ada ce ke yin aikin da doka ke yi a Kudu. Ke nan har ƙananan ƙofofin ma ba duka ne ke buɗe gare shi ba.

4.0 Tasowar McFerrin

An haifi Robert McFerrin ranar 19 ga watan Maris na 1921 a garin Marianna na jihar Arkansas. Mahaifinsa limamin coci ne na ɗarikar Baptist, kuma tun yana ƙarami iyalin suka koma Memphis a jihar Tennessee. A coci ya fara waƙa, shi da 'yan'uwansa, suna rakiyar mahaifinsu wurin wa'azi. Da ya isa shiga makarantar sakandare, sai mahaifin ya tura shi wurin dangi a birnin St. Louis don ya sami ilmi mafi inganci. A can ya shiga makarantar Sumner, ta baƙaƙen fata, inda malamin waƙa Wirt Walton ya gane baiwarsa ya fara horar da shi.

Daga nan ya shiga Jami'ar Fisk da ke Nashville, ya yi shekara guda, sannan ya sami gurbin karatu a kwalejin kiɗa ta birnin Shikago. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu, domin an ɗauke shi aikin soja. Bayan yaƙi ya koma ya kammala a 1948. A wannan shekara ya nufi New York, inda ya ƙara karatu a hannun Hall Johnson, masanin waƙoƙin addini na baƙaƙen Amurka. A 1949 ya auri Sara Copper, ita ma mawaƙiya. Yana da shekara 28 ke nan, da murya horarriya da takardar shaida, amma abin da ya rage masa shi ne dandamali.

5.0 Shekarun Gogewa, 1949–1953

5.1 Ƙungiyar Mary Cardwell Dawson

Ƙofa ɗaya da ta buɗe masa ita ce ta National Negro Opera Company, watau ƙungiyar ofera ta baƙaƙen fata. Wata malamar kiɗa ce, Mary Cardwell Dawson, ta kafa ta a birnin Pittsburgh a shekarar 1941. Ita kanta ta yi karatun kiɗa mai zurfi a Boston, ta ga cewa babu gidan da zai ɗauke ta, sai ta yanke shawarar gina wa na bayanta abin da ita ta rasa. Da Aida ƙungiyar ta fara, daga baya ta yi rassa a birane irin su Shikago da Washington da New York. Kullum cikin ƙarancin kuɗi take, kuma da rasuwar Dawson a 1962 ita ma ta rushe. Duk da haka, cikin shekaru ashirin ɗin nan ta ba mawaƙa baƙaƙe damar riƙe manyan matsayai da cikakkiyar shiga, gaban makaɗa da 'yan kallo. A wannan ƙungiya McFerrin ya fito a matsayin Amonasro, daga baya kuma Valentin.

5.2 Ƙungiyar Boris Goldovsky

Ƙofa ta biyu ita ce ta Boris Goldovsky, wanda aka haifa a Mosko a 1908, ya yi ƙaura zuwa Amurka. Shi ne shugaban sashen ofera na makarantar bazara ta Tanglewood a jihar Massachusetts, kuma a 1946 ya kafa New England Opera Theater a Boston. Ra'ayin Goldovsky shi ne ofera wasan kwaikwayo ce kafin ta zama gasar murya. Don haka yakan sa a fassara wasannin zuwa Ingilishi domin 'yan kallo su fahimta, yakan kuma matsa wa mawaƙansa su san dalilin kowane taku da kowace kalma, su daina tsayawa ƙiƙam suna zuba wa jagoran makaɗa ido. Shi ne ya ba McFerrin matsayin Rigoletto a Tanglewood, ya kuma sa shi a ƙungiyarsa ya yi Valentin, ya fito kuma a wasan Iphigénie en Tauride na Gluck.

Muhimmancin wannan ya zarce batun horo. A ƙungiyar Dawson, McFerrin yana wasa ne cikin 'yan'uwansa baƙaƙe. A wurin Goldovsky kuwa, yana fitowa ne tare da farare, a matsayan da labari bai ce na baƙar fata ba ne. Watau wata ƙaramar ƙungiya a lardi ta riga ta gwada abin da babban gida ke ɗari-ɗari da shi, aka kuma ga cewa sama ba ta faɗo ba.

5.3 Gidan Birni da Wasannin Broadway

A birnin New York akwai gida na biyu, New York City Opera, wanda aka kafa a 1943 domin masu ƙaramin ƙarfi. Shi ne ya riga Metropolitan da shekara goma wajen ɗaukar baƙar fata, lokacin da Todd Duncan, shi ma bariton, ya fito a wasan Pagliacci a 1945. A ranar 31 ga Maris na 1949 gidan ya fara nuna Troubled Island, oferar William Grant Still a kan Dessalines, jagoran 'yancin ƙasar Haiti. McFerrin ya sami ɗan ƙaramin matsayi na boka. Abin lura shi ne a daren farko, farar fata ne, Robert Weede, aka shafa wa baƙi ya fito a matsayin Dessalines, a wasan da baƙar fata ya rubuta a kan tarihin baƙaƙe.

Da yake waɗannan ayyuka ba sa riƙe gida, McFerrin ya riƙa haɗawa da wasannin waƙa na unguwar Broadway: Lost in the Stars a 1949, wanda aka gina a kan littafin Alan Paton game da Afirka ta Kudu; The Green Pastures a 1951; da My Darlin' Aida a 1952. Abin da ya kamata a riƙe daga wannan sashe shi ne, matsayai ukun da McFerrin zai yi a Metropolitan, watau Amonasro da Valentin da Rigoletto, babu ko ɗaya da bai riga ya yi ba a ƙungiyar Dawson ko ta Goldovsky.

6.0 A Gidan Metropolitan, 1953–1958

A wancan zamani Metropolitan yana da wata gasa da ake watsawa ta rediyo domin zaƙulo sababbin muryoyi. A 1953 McFerrin ya ci wannan gasa. Bisa al'ada, wanda ya yi nasara yakan sami horo na 'yan watanni sannan a ba shi kwantaragi. Shi kuwa sai aka tsawaita masa horon har wata 13, ba a kuma sa shi a wasa ba sai a farkon 1955.

A lokacin, shugaban gidan shi ne Rudolf Bing, haifaffen Vienna, wanda ya kama aiki a 1950 da niyyar kawar da wariya, amma a sannu. A 1951 ya ɗauki Janet Collins, baƙar fata, a matsayin babbar 'yar rawa. Da ya zo kan mawaƙa, sai ya fara da Marian Anderson, wadda duniya ta riga ta sani tun waƙar da ta yi a dandalin tunawa da Lincoln a Washington a 1939, bayan an hana ta wani zaure saboda launinta. Anderson ta fito ranar 7 ga Janairu na 1955, tana da shekara 57. Kwana 20 bayan haka McFerrin ya biyo, yana da shekara 33. Fitowar Anderson girmamawa ce ga wadda ƙuruciyar muryarta ta riga ta wuce. Fitowar McFerrin kuwa ita ce ainihin gwaji, don shi ne ke kan ganiyarsa, shi ne kuma ya zo neman aiki na dindindin. Amma hasken Anderson ya rufe shi.

A 1956 ya yi Rigoletto, ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe matsayin da wasa ke ɗauke da sunansa a gidan. Duk da haka, jimlar fitowarsa cikin shekara uku goma ce kacal. Ana iya kawo dalilai uku. Na farko, ya tarar da gidan cike da manyan bariton, irin su Leonard Warren da Robert Merrill da Ettore Bastianini, kuma kowane sabon shiga, ko wane launi gare shi, sai ya jira. Na biyu, gidan yakan yi rangadi kowace shekara zuwa wasu birane, ciki har da na Kudu kamar Atlanta da Dallas, inda wariya ke da ƙarfin doka. Kada a manta a 1954 ne Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu, kuma a ƙarshen 1955 aka fara ƙauracewa motocin haya a Montgomery. Na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi, shi ne yadda jama'ar wancan zamani ke kallon kusantar namiji baƙi da mace fara. Amonasro bai tayar da ƙura ba, tun da labari ya ce Bahabashe ne. Uba da wa ma ana iya jurewa. Amma matsayan bariton da suka shafi sha'awa ko iko a kan mace, irin su Scarpia a wasan Tosca ko Don Giovanni, ba su zo hannunsa ba a gidan. Wata shaida da ke ƙarfafa wannan ita ce mata baƙaƙe sun fi maza saurin samun gindin zama: Mattiwilda Dobbs ta shigo a 1956, Leontyne Price a 1961, Grace Bumbry a 1965, dukkansu kuma sun daɗe ana damawa da su.

McFerrin da kansa ya bayyana daga baya cewa abin da ya dame shi shi ne rashin tabbas ko zai taɓa wuce matsayin uba da wa. Ga iyali, ga rashin aiki tsayayye. A 1958 ya bar gidan ya koma jihar California.

7.0 Kwatanci da Sherrill Milnes

Domin a ga girman abin da ya faru, yana da kyau a duba wani bariton, farar fata, wanda ya biyo hannun malami ɗaya. An haifi Sherrill Milnes a 1935 a Downers Grove ta jihar Illinois, ya tashi a gonar kiwon shanu, ya yi karatu a Jami'ar Drake. A 1960 ya shiga ƙungiyar Goldovsky, wadda a lokacin ta zama mai yawo gari-gari, ya fara da ƙaramin matsayi na Masetto a wasan Don Giovanni. Ya yi kimanin shekara biyar a kan hanya, ya fito wajen sau 300 a matsayai daban-daban. A 1961 ya yi wasa a ƙungiyar Baltimore ƙarƙashin kulawar shahararriyar mawaƙiya Rosa Ponselle. A 1964 ya shiga New York City Opera da matsayin Valentin, kana ranar 22 ga Disamba na 1965 ya fara a Metropolitan, da Valentin ɗin dai. Ya zauna a gidan fiye da shekara talatin, ya fito fiye da sau 650, ya rufe a 1997 da matsayin Amonasro, watau matsayin da McFerrin ya buɗe da shi.

Ba a kawo wannan kwatanci don a rage wa Milnes daraja ba. Gwani ne, da guminsa ya sami abin da ya samu. Haka kuma babu mai iya rantsuwa cewa da an ba McFerrin dama ɗaya da shi, da ya kai inda ya kai, domin muryoyi sun bambanta. Abin da kwatancin ke nunawa biyu ne. Na ɗaya, hanyar ɗaya ce: daga ƙungiyar lardi zuwa gidan birni, daga nan zuwa babban gida. Na biyu, faɗin hanyar ba ɗaya ba ne. Milnes yana iya hawa mota da abokan aikinsa ya sauka a kowane gari, ya ci abinci inda suka ci, ya kwana inda suka kwana, ya yi wasa a daren. Mawaƙi baƙar fata a shekarun 1950 ba shi da wannan tabbaci a babban ɓangare na ƙasar, har sai da aka zartar da dokar 'yancin jama'a ta 1964. Bugu da ƙari, Milnes ya zo daidai lokacin da ƙungiyoyin larduna ke bunƙasa, musamman bayan gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa fasaha a 1965. McFerrin kuwa ya yi sammako ne, ya iso kasuwa kafin ta ci.

8.0 Bayan Barin Dandamali

Aikin da ya kai McFerrin California shi ne fim ɗin Porgy and Bess, wanda ya fito a 1959. Sidney Poitier ne ke fitowa a matsayin Porgy, amma duk inda ya buɗe baki da waƙa, muryar McFerrin ce ake ji. Ta haka muryarsa ta isa ga ɗimbin mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Daga nan mafi yawan aikinsa ya koma koyarwa da waƙa a zaurukan taro. Shi da matarsa sun buɗe wurin koyar da waƙa a Los Angeles, ya kuma koyar a kwalejin jiha da ke Sacramento. A 1973 ya koma St. Louis, garin da ya fara koyon sana'ar, ya ci gaba da koyarwa.

A 1989 ya sami bugun jini wanda ya taɓa masa magana, amma bai hana shi waƙa ba. A 1993 ya rera waƙa tare da babban taron makaɗa na St. Louis, ɗansa Bobby McFerrin, wanda ya riga ya yi suna a duniya, yana jagorancin kiɗan. A 2003 ƙungiyar Opera America, wadda ta haɗa gidajen ofera na ƙasar, ta ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa. Ya rasu a St. Louis ranar 24 ga Nuwamba na 2006, yana da shekara 85.

Ba shi kaɗai ne wannan hali ya shafa ba. Lawrence Winters, wani bariton baƙar fata na zamaninsa, a Jamus ya sami gindin zama, a Hamburg kuma ya rasu a 1965. Simon Estes sai da ya riƙe babban matsayi a bikin Bayreuth na Jamus a 1978 kafin ya hau dandamalin Metropolitan a 1982. Shi kansa wasan Porgy and Bess, ƙungiyar Houston ce ta farfaɗo da shi a matsayin cikakkiyar ofera a 1976, babban gidan bai nuna shi ba sai a 1985. A nan ma lardi ne ya yi gaba.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, ranar 27 ga Janairu na 1955 ba mafarin sana'ar McFerrin ba ce. Sakamako ce na shekarun da ya yi a hannun Dawson da Goldovsky, waɗanda suka ba shi dukkan matsayan da ya shiga babban gida da su. Na biyu, buɗe ƙofa daban, ba da wurin zama daban: kalmar "na farko" tana iya ɓoye gaskiyar cewa fitowa goma ce kawai ta biyo baya, kuma mawaƙin ya bar babban gidan yana ɗan shekara 37, lokacin da muryar bariton ke kan ƙarfinta. Na uku, a tarihin ofera na Amurka, sau da yawa canji daga gefe yake farawa kafin ya iso tsakiya.

Saboda haka mai nazarin tarihin kowace sana'a ta dandamali bai kamata ya tsaya ga kundin babban gida ba, don kuwa shi ne ke da ma'ajiyar takardu da 'yan jarida, ƙananan kuwa sukan mutu da masu su. An yi sa'a takardun ƙungiyar Dawson suna ajiye a Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a Washington. Amma gidan da ƙungiyar ta zauna a cikinsa a Pittsburgh ya lalace har a 2020 aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi 11 da suka fi fuskantar haɗarin salwanta a ƙasar, kafin daga baya a tashi gyara shi. Idan wannan maƙala ta sa masu bincike suka riƙa tambayar inda gwani ya goge kafin su tambayi inda ya yi suna, to, kwalliya ta biya kuɗin sabulu.